Tayar da ke Ƙarƙashin Randa

Damina ce mai nauyi. Tun farkonta ruwa ya sauka bai ɗaga ba, fadamar Ambursa ta cika ta batse, har waɗanda suka yi shuka a gangare sai da suka sake. Shekarar ba ta yunwa ba ce, ba kuma ta wadata ba. Shekara ce ta jiƙa. Itace ba ya kamawa, tufafi ba sa bushewa, shinkafar da nake turarawa in shanya sai in kwashe ta sau uku a wuni saboda hadari. A wannan daminar ce na yanka tayar mashin ɗin babban yayanku da lauje. Kun san labarin, don na sha jin kuna ba da shi kuna dariya idan kun taru da salla. Na kuma san abin da ake faɗa idan ba na wurin: wai na yi ne don ba na son aurensa da Saratu, na nemi hanyar da zan karya shi. Saratu ta haifa mini jikoki biyar, tana durƙusawa ta gaishe ni, amma ba ta taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa yi mata bayani ba. Yanzu da idona ke gani, hannuna kuma ke iya riƙe biro, bari in rubuta yadda aka yi.

Shi ne ɗana na fari. Ku ƙanana da kuka yi karatu a birni kuna ganin uwa ta rungume ɗanta na fari a gaban mutane, tana kiran sunansa da ƙarfi. A wurinmu ba haka muka tashi ba. Ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a zama a yi hira da shi, ba a nuna an damu da shi ko da zuciya tana tafasa. Kunya ce, kuma mace da ita ake auna tarbiyyarta. Da aka yaye shi, kakarku Tsohuwa Tumba, mahaifiyar babanku, ta ɗauke shi zuwa ɗakinta da ke ɗaya gefen tsakar gida. Taku ashirin ne tsakanin ƙofata da tata, amma a can ya girma. Idan na dafa abinci, ita nake miƙa wa kwanonsa. Idan zazzaɓi ya kama shi, a bayan ɗakinta nake tsayawa kamar ina neman kaza, ina sauraren numfashinsa. Idan dole sai na ambace shi, sai in ce ɗan tsohuwa. Har ya yi gemu ban taɓa kallon idonsa na ce masa sannu da zuwa ba. Ina gaishe da iska ne, shi kuma ya amsa wa iska.

Shekara guda kafin wannan daminar ya sayi mashin da abin da ya samu a noman rani. Da farko kabu-kabu yake yi, ya ɗauki mutum daga Ambursa zuwa Birnin Kebbi, ya dawo da wani. Daga baya Allah ya haɗa shi da wata Hajiya mai sayar da kifi a kasuwar Birnin Kebbi. Kullum bayan sallar asuba zai tafi Argungu, masunta su loda masa ɗanyen kifi a manyan robobi biyu, ya ɗaure su a baya da igiyar roba, ya wuce ta gabanmu ya kai mata kafin rana ta yi zafi. Aiki ne mai kyau, 'yan kabu-kabu da yawa suna hangensa, don ba jiran fasinja, kuma Hajiyar ba ta wasa da haƙƙin mutum. Sharaɗinta guda ne: kada a yi mata fashi, don kifi ba ya jiran kowa. Da wannan aikin yake haɗa kayan lefen Saratu, an kuma sa biki bayan girbin shinkafa. Saboda haka ya matse hannunsa a kan komai. Ya daina shan shayi a tasha, ya daina sayen sabuwar riga, taya kuma sai mafi arha a kasuwa.

Ni ce mai sharar tsakar gida, kuma a nan na fara karatun taya. Kullum da safe idan ya tura mashin ya fita, ƙafar baya takan bar sawu a kan ƙasa mai danshi, tun daga rumfar da yake ajiye shi har zaure. Ban iya tambayarsa yaya hanya ba, amma sawun nan ba wanda ya hana ni kallonsa. Ranar da ya sa sabuwar taya a ƙarshen rani, zanenta ya fito raɗau, kamar zanen da ake yi wa ƙwarya, ƙashin kifi ƙashin kifi a jere. Nakan tsaya in duba kafin in share. Da aka yi makonni, sai na ga tsakiyar zanen ta fara dusashewa, gefe biyu ne kawai ke fitowa. Kafin damina ta raba, tsakiyar ta zama sumul, kamar an ja maciji a ƙasa. A lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar, a makarantar firamare, hannuna ya saba da kwafar duk abin da malama ta rubuta a allo. Sai na riƙa kwafar sawun a bangon littafina na baya, ba don wani dalili ba. Abin da zan iya ajiyewa nasa ke nan.

Wata safiya na fito da tsintsiya sai na ga zane ya dawo. Na ji sanyi a raina, na ce alhamdu lillahi, ya canza taya. Amma da na sunkuya sai na ga abu biyu. Zanen ba shi da tsari, wani layi ya karkace, wani ya fi wani faɗi, kamar rubutuna na farkon shiga aji. Sannan akwai wani tabo da tsohuwar tayar take bari a kowane taku biyu, inda ƙusa ta taɓa huda ta, kuma tabon yana nan inda yake. Ta yaya sabuwar taya za ta zo da tabon tsohuwa? Na kwafe shi a littafi, na share.

Ranar Laraba na kai shinkafa unguwar Nassarawa a cikin birni, gidan wata mai saye a wurina da muke kira Maman Rifkatu. Mutanen Filato ne, sun daɗe a Birnin Kebbi, mijinta Ishaya yana da rumfar faci da sayar da taya a ƙofar gidan. Mun auna shinkafa, ta ba ni ruwa na sha, na yi ta juya maganar a raina, har dai na zaro littafin na ce ko maigidanta zai duba mini wani abu. Ta ƙwala masa kira. Ya shigo yana goge hannu da tsumma, ya karɓi littafin, ya duba zanen farko, ya duba na tsakiya, ya daɗe a kan na ƙarshe.

"Mama Kulu, wa ya zana wannan?"

"Ni," na ce.

"To, hannunki ya fi na wanda ya yanka tayar kyau. Wannan ba zanen kamfani ba ne. Tayar ta cinye, sai aka sa wuƙa a wuta aka sake tsaga mata layi don ta yi kama da mai rai. Akwai masu faci da ke yi. Ni an sha kawo mini, ina korarsu. Ta wane ne?"

"Ta wani yaro ce a gidanmu."

Maman Rifkatu ta yi dariya ta ce, "Ɗanta ne na fari, mai kifi. Ba za ta faɗa ba ko za ka kwana kana tambaya."

Ishaya ya fita ya dawo da tayoyi biyu, ya ajiye a gabana, ya ce in danna kowacce da babban yatsa. Ɗaya ta yi tauri da kauri, ɗaya kuwa yatsana ya lotsa ta. Ya ce mai arhar ba ta da laifi idan an san aikinta. Wanda zai je gona ya dawo, ko malamin makaranta da ke zuwa aiki shi kaɗai, za ta kai shi shekara har ta wuce. Amma mai ɗaukar kaya kullum a kan kwalta, da nauyi duk a baya, kafin mai kaurin nan ta gaji ya binne mai arha biyu ko uku, ga faci, ga tsayuwa a hanya. Ya ce yawancin yaran sukan cika mata iska fiye da ƙima saboda kaya, shi ya sa tsakiya ke fara cinyewa, kamar yadda na zana. Sannan ya zaro tsinken ashana daga aljihu, ya sa kansa a cikin zanen sabuwar tayar, kan ya nutse gaba ɗaya.

"Idan kan ashana ya daina ɓuya, a fara neman wata," ya ce. "Zanen nan ba ado ba ne, Mama. Shi ke korar ruwa daga ƙarƙashin taya. Idan babu shi, a kan jiƙaƙƙiyar kwalta mashin yana tafiya ne kamar a kan sabulu."

"To, ai shi an mayar masa da zanen," na ce.

"An mayar, amma daga ina aka ciro? Daga ɗan naman da ya rage mata. Yanzu tsakanin ɗanki da kwalta sai zare da addu'a. Ki duba cikin tsagar, idan kin ga farin zare, kada ya sake hawanta ko zuwa masallaci."

Da na dawo gida mashin yana rumfa, shi kuma ya fita. Na tsuguna kamar ina tsintar wani abu, na leƙa cikin tsagar. Zaren yana nan, fari, a wuri uku, wani har ya fara tsinkewa.

Yanzu za ku ce, to, me ya hana ki gaya masa? Abin da kullum kuke tambaya ke nan, kuma amsar ita ce ban san ta inda ake farawa ba. Shekara ashirin da huɗu ban taɓa buɗe baki na yi masa magana kai tsaye ba. Ba a koya mini ba. Na bi hanyar da na sani. Da babanku ya dawo daga fadama na kai masa ruwa, na jira ya huta.

"Malam, tayar mashin ɗin ɗan tsohuwa ta mutu."

"Yau da sahe na ga ya hita da ita."

"Yanka anka yi mata. Zare ya hito."

"Kulu, yaushe kika zama bakanike?" ya ce, ba da faɗa ba, yana murmushi. "Wanga yaro kullum shina bisa hanya, ya hi mu sanin abin hawanai. Bari a gama biki, sai ya sayi ta ƙwarai. In na tsare shi yanzu sai ya ga kamar ina raina mai wayo."

Na koma wurin Tsohuwa Tumba, don ita ce mai bakin magana da shi. Ta saurare ni da kyau, ta ce in bar mata. Amma kun san tsakanin kaka da jika, duk maganar da ta shiga sai ta fito wasa. Da yamma ina tankaɗe a ƙofar ɗakina, ina jin su.

"Kai, mijin banza," ta ce masa, "an ce takalmin dokinka ya tsage. Haka za ka ɗauko mini kishiya, bisa taya mai sanƙo kamar kan kakanka?"

"Tsohuwa, kishi dai kika ji. Wagga taya sabuwa ta koma, ba ki ga zane ba?"

"Na ga zane. Ni ma in na sa lalle sai in koma budurwa?"

"Ai ke ko an yi miki faci ba ki riƙe iska," ya ce, suka fashe da dariya. "Ki kwantar da hankalinki. Mu a tasha, in dai taya tana riƙe iska ba mu yar da ita. Bayan biki in saya miki mai tsada, in kai ki Argungu ki ci kihi."

"Sai ka cika alkawari, maƙaryaci."

Maganar ta ƙare a nan. Ya leƙo inda nake, na san ya gane daga ina saƙon ya fito, amma na duƙar da kai a kan rariya. Na yi tunanin in sayo masa taya da kaina in ba Tsohuwa ta ba shi. Sai dai sauran shinkafar da zan sayar tana jiƙe, rana ta ƙi fitowa, kuma na san halinsa: ko an ba shi sabuwa zai rataye ta a ɗaki ya ce sai waccan ta ƙarasa.

Daren Alhamis ruwa ya kwana yana zuba, ya wayi gari bai tsaya ba. Da hantsin Juma'a, bayan ya dawo daga kai kifi jiƙe sharkaf, na ji yana gaya wa babanku cewa gobe Asabar Hajiya tana da masu biki da suka yi odar kifi, za a ƙara masa roba ta uku a kan biyun, kuma sai ya yi sauri don da sassafe ake so. Yana faɗa yana murna. Ya kuma ce yau a wata kwana mashin ya ɗan yi masa rawa, amma ya riƙe shi. Babanku ya ce Allah ya tsare. Ni ina bakin murhu ina hura jiƙaƙƙen itace, hayaƙi ya ba ni dalilin share ido.

Da azahar maza suka tafi masallacin Juma'a a ƙasa, don ba nisa. Gida ya yi tsit. Ban yi dogon tunani ba, gara in faɗi gaskiya. Na shiga rumbu na ɗauko laujen da muke yankan shinkafa, na je rumfa, na yi bisimilla, na sa bakinsa a cikin tsagar da zaren ya fi fitowa. Na ɗauka sai na yi da ƙarfi. Wallahi kamar kabewa ya shige. Iska ta fita da ƙara, awaki suka watse, mashin ya zauna a kan ƙafarsa ta baya. Na ja laujen kamar tsawon tafin hannu, don kada wani mai faci ya ce zai iya ɗinke ta. Da na ɗago, Tsohuwa Tumba tana tsaye a ƙofar ɗakinta da carbi a hannu. Mun kalli juna.

"Kulu," ta ce, "wanga lauje na shinkafa ne."

"Na sani, Inna."

"To, ki wanke shi ki maida inda kika ɗauko." Ta juya ta shige.

Da suka dawo, shi ya fara gani. Na ji salatinsa daga ɗaki. Ya tsuguna, ya sa yatsa a yankan, ya miƙe idonsa ja. Akwai wani ɗan kabu-kabu a unguwarmu da suka yi cacar baki a kan aikin kifin nan, nan take ya ce shi ne, ya ɗauki sandar babanku ya nufi zaure. Babanku yana riƙe shi, maƙwabta sun fara leƙowa. Na ga za a zubar da jinin wanda bai san komai ba. Na fito na tsaya a tsakiyar gida.

"Ni na yanka."

Ba shi na kalla ba, bango na kalla, amma kowa ya san da wa nake. Ya saki sandar. Da ya yi magana, muryarsa ba ta tashi ba, kuma da ma ya yi ihu da ya fi mini sauƙi.

"Inna, mi na yi miki? Tunda nike ba ki taɓa tambayata ko na ci abinci ba. Ban ce komi ba, na san al'ada ce. Yau rana ta hwarko da kika sa hannu cikin lamarina, sai ki yanke mini abincin?"

Ina da amsa. Tana nan cike da bakina: zaren, kan ashana, kwanar da mashin ya yi rawa, roba ta uku. Amma ga babanku, ga maƙwabta, ga surukata. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Ta mutu ne." Na koma ɗaki.

Bari in gaya muku abin da wannan ya jawo, don kada ku ɗauka ina wanke kaina. Ranar ba a samu taya a Ambursa ba, ruwa kuma ya hana shiga birni. Ya nemi aron mashin, kowa yana da nasa uzurin. Asabar ta zo, kifin Hajiya bai iso a kan lokaci ba, ta ji kunya a gaban masu biki, ta ba wani aikin, kuma ba ta sake waiwayarsa ba. Ban ga laifinta ba. Ranar Litinin ya taɓa abin da ya tara na lefe, ya je wurin Ishaya, ba tare da ya san na taɓa zuwa can ba, ya sayi mai kaurin nan da sabon tiyub. Ishaya ya gane shi, bai ce masa komai ba, matarsa ce ta gaya mini daga baya. Ya koma jiran fasinja a tasha. Bikin da aka sa bayan girbi sai da ya ƙara shekara guda, dangin Saratu suka yi ta magana, har aka kusa fasawa. A nan ne zancen ya samo asali, cewa uwar miji ba ta son yarinyar. Shi kuma ya kwashe kayansa ya koma Nassarawa wurin wani abokinsa, wata bakwai ba ya kwana a gida. Tsakar gidana ta zauna ba sawu. Babanku bai yi mini faɗa ba, amma ya yi mako biyu yana amsa mini magana da kalma ɗaya.

Kuma ban san ko tayar za ta fashe a ranar Asabar ɗin ba. Wannan ma ku rubuta shi a ranku. Wataƙila da ta kai shi ta dawo da shi, wataƙila da ta kai har girbi, ya yi aurensa a kan lokaci, ya riƙe aikinsa, yau yana da motar kifi tasa. Akwai waɗanda suka hau irinta suka tsira. Akwai kuma waɗanda aka kawo a cikin tabarma, kun san gidajensu, ba sai na faɗa ba. Ba a nuna mini ko wanne ne rabonsa ba. Abin da aka nuna mini farin zare ne a wuri uku. Tayar da ya saya a wurin Ishaya kuwa ta ga wannan daminar, ta ga rani, ita ce ta ɗauko kayan Saratu. Tun daga nan bai sake sayen mai arha ya sa a baya ba, ko da yake har yau bai ce mini don me ba. Na dai taɓa ganinsa, bayan shekaru, tsugune a gaban mashin ɗin ɗansa da tsinken ashana a hannu. Saratu, idan an karanta miki wannan, ki sani tun ranar da kika fara kawo mini gaisuwa na so ki. Shekarar da na ci miki ban iya mayar miki da ita ba. Ki yafe mini.

Abin da ya rage shi ne safiyar Asabar ɗin, wadda ba wanda ya gani sai Tsohuwa, ita kuma ta tafi da shi kabari.

Na tashi na yi salla, ruwa ya ɗauke. Na share tsakar gida tun daga rumfa har zaure, ƙasa sumul, ba abin kwafa. Ya riga ya cire tayar tun jiya ya jefar a bayan rumbu. Na ɗauko ta, na wanke ta da toka, na kai inuwar ɗakina, na ɗora randa a kai. Ta zauna daram. Ita ce wadda kuke gani har yau, wadda jikokina ke zama a gefenta suna shan ruwa. Sannan na dama kunu, na zuba a kwanonsa. Na nufi ɗakin Tsohuwa kamar kullum. Tana zaune a bakin ƙofa, ta miƙo hannu za ta karɓa. Ban ba ta ba. Ta dube ni, ta janye hannunta, ta gyara zama ta ba ni hanya.

Na wuce zuwa ƙofar ɗakinsa. Na tsaya har kwanon ya fara ƙona mini yatsu. Na buɗe baki sau biyu ba abin da ya fito. A na uku na ce:

"Bashiru."

Ya ɗaga labule ya fito. Ya duba hagu, ya duba wajen zaure, ya duba ɗakin Tsohuwa, yana neman wadda ta kira shi. Ina tsaye a gabansa da kwano, amma bai san yadda sunansa yake a bakina ba. Sai da ya gama dube-dube idonsa ya dawo kaina.

"Ba ka ci komi ba tun jiya," na ce. "Karɓi, ka sha tun da zahi."

Bai ce ya yafe ba, kuma na gaya muku wata bakwai ya yi ba ya kwana a gida. Amma ya sa hannu biyu ya karɓa, ya tsuguna a nan bakin ƙofa ya shanye, ni kuma na tsaya har ya gama, na karɓi kwanon na je na wanke.